Tunjere a kunne: kurakuran da masu HIV suka fi yi

Tunjere fa ba a al'aura kaɗai yake tsayawa ba, ƙwayar cutar tana bin jini ta shiga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi har cikin kunne, kuma ba sai an yi shekaru ba, a watannin farko ma tana iya kaiwa can. Mai HIV ya fi shiga wannan haɗarin, musamman in CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake aunawa a jini, ya yi ƙasa da 350.

Babban kuskuren shi ne mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya toshe, ko yana jin shuuu ba tsayawa, ga hajijiya, sai ya ce ai dauɗar kunne ce ko sanyi, a tafi kemis a sayo maganin ɗigawa, wani ma har man zaitun zai zuba. Matsalar tana can ciki inda maganin ɗigawa ba ya kaiwa, kuma in aka yi ta jan ƙafa jin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ka je asibitin da kake karɓar magani ka faɗa musu, a yi maka gwajin jini na gano tunjere, wato RPR ko VDRL tare da TPHA, likitan kunne kuma ya auna jinka. Mai kemis ya ce zai maka allurar gentamicin? Kar ka yarda, ita kanta tana kashe ji.

Wasu kuma sai su ce ai gyambon da tunjeren ya fito da shi da farko ya warke tuntuni. Dama haka yake, ba ya zafi, yana ɓacewa da kansa cikin sati 3 zuwa 6 alhali cutar na nan. Shi ma ARV, maganin HIV da kake sha, ba ya kashe tunjere, ci gaba da shan abinka amma wannan maganinsa daban.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a yi wa mutum allurar penisilin ta benzathine a ɗuwawu a ce shikenan. Wannan ta tunjeren da bai taɓa jijiya ba ce, ba ta shiga ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. In ya taɓa kunne penisilin ake bayarwa ta jijiyar jini duk bayan awa 4, kwana 10 zuwa 14, yawanci sai an kwantar da kai, in ba hali likita na iya ba da ceftriaxone. Zazzaɓi da ciwon kai a ranar farko suna faruwa, ka sanar da nas, kar ka gudu gida.

Bayan sallama a dinga komawa gwajin jini duk wata 3 a shekarar farko, matarka ko mijinki ma a gwada su a yi musu magani, in ba haka ba za a sake ɗauka.