Kurakuran da aka fi yi wajen kiran sunan cuta, da yadda za a gyara su

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar alama a matsayin cuta. Alama ita ce abin da jiki ke nunawa, kamar zafi, amai, jiri ko kumburi. Cuta kuwa ita ce abin da ya haddasa su. Alama guda tana iya fitowa daga cututtuka da dama, kuma kowace da nata maganin.

A zazzaɓi aka fi yin wannan ruɗani. Da jiki ya ɗumama sai ka ji an ce maleriya ce, a je a sayo magani. Zazzaɓi dai shi ne zafin jiki ya kai digiri 38 ko ya wuce, alhali na mai lafiya yana wajen 37. Maleriya na kawo shi, haka nan mura, ciwon huhu, ciwon kunne, cutar mafitsara da sanƙarau. Ita maleriya ƙwayar Plasmodium ce ke jawo ta, wadda macen sauro ke sa wa mutum a jini, kuma gwajin ɗigon jini daga yatsa yana nuna ta cikin kamar minti 20. Gyaran shi ne a gwada kafin a sha. Idan gwajin ya nuna babu, a ci gaba da neman dalili, kada a ce ai gwajin ne ya yi ƙarya. Yaron da ke da ciwon huhu ana ɗirka masa maganin maleriya, lokaci ne kawai yake ƙure masa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Taifot ma haka. Zazzaɓi ya kwana biyu bai sauka ba, sai a ce taifot ne. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yakan nuna akwai cutar ga wanda ba ya da ita. Wanda ya fi inganci shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji.

Shawara ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Mutane da yawa sun ɗauka cuta ce guda mai magani guda. A'a, alama ce. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, idan sun mutu sai su bar wani sinadari rawaya mai suna bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ta tura shi hanji ta hanyar maɗaciya. Idan ya taru a jini, ido da fata su yi rawaya, fitsari ya yi duhu. To, taruwar tana da hanyoyi uku: ko dai jini na farfashewa fiye da ƙima, kamar a sikila da maleriya mai tsanani, ko hantar ce ta kumbura, ko kuma tsakuwa ko ƙari ya toshe hanyar maɗaciya. Na ukun nan sau da yawa sai an yi aiki. Ka ga kenan ba yadda za a yi jiƙo ɗaya ya warkar da duka, wani ma ƙara wa hantar nauyi zai yi. A gefe guda kuma, mutum na iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B shekaru da yawa idonsa fari fat. Gwajin jini kaɗai ke tona shi, kuma akwai rigakafinsa. Jaririn da ya yi rawaya, musamman a ranar farko da haihuwa, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Hawan jini kuwa akasin haka ne, cuta ce da galibi ba ta da alama. Sai ka ji mutum ya ce, "Ni ba na ciwon kai, jinina lafiya lau." Ba a gane shi da ji a jiki, sai da awo: 140/90 ko sama da haka, a ranaku biyu daban-daban. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji garau, domin shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda ba sa yin sallama.

Ba kowane ciwon baya ne ciwon ƙoda ba. Ƙoda biyu suna can sama, ƙarƙashin haƙarƙari ta baya, yayin da yawancin ciwon ƙugu daga tsoka ne ko ƙashin baya.

Sai olsa, wadda ake laƙaba wa duk wani zafin ciki. Olsa gyambo ne na gaske a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da damuwa, har likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa ƙwayar Helicobacter pylori ce ke jawo mafi yawanta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, waɗanda wasu ke sha don ciwon cikin ma. Zafin da ke tasowa zuwa maƙogwaro bayan cin abinci yawanci ƙwannafi ne. Amma idan nauyi ne ya danne ƙirji, ga gumi, ga sarƙewar numfashi, zafin yana sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi, kada a tsaya neman maganin olsa. Zuciya ce ake zargi, a garzaya asibiti nan take.

Saboda haka idan ka zauna gaban likita, kada ka fara da "ina da olsa" ko "taifot ke damuna". Nuna masa wurin da yatsa. Faɗa masa yaushe abin ya fara, suka ne ko ƙuna ko murɗa, me ke tayar da shi, me ke lafar da shi. Sannan ka zo masa da kwalayen duk magungunan da ka riga ka sha, har da na gargajiya.