Yadda za ka faɗi ra'ayinka a kan fim ba da shaci-faɗi ba

A teburin mai shayi, a Mabera ne ko a Runjin Sambo a nan Sakkwato, da an ambaci sabon fim abin da za ka ji bai wuce biyu ba: "ya yi" ko "bai yi ba". Wanda zai ƙona datarsa ko ya biya mai turin fim yana buƙatar fiye da haka. Ra'ayi mai amfani shi ne wanda za ka iya nuna inda ka samo shi, ka ce minti kaza, fitowa kaza.

Fara da kwafin da za ka kalla. Masu turi sukan matse fim don ya shiga memori, sai ingancin hoton ya sauko zuwa 360p ko ƙasa da haka. A irin wannan kwafi fitowar dare takan koma baƙi mai dabbare-dabbare, ka zargi mai ɗaukar hoto alhali ba ruwansa. In za ka taɓo haske da kala, nemi 720p aƙalla. Sa iyafis, domin sifikar waya tana haɗiye ƙananan sautuka. Kada kuma ka yi kallon da rana tsaka a zafin Afrilun Sakkwato: waya in ta ɗau zafi takan rage haskenta da kanta.

Kallo biyu ake yi. Na farko a zama ɗaya, ba tsayarwa, ba turawa gaba. Na biyu da biro da takarda. Rubuta mintin da ka gane abin da jarumi ke nema da abin da ya tare masa hanya. A fim na awa ɗaya da rabi zuwa biyu, in an wuce minti 20 ba ka gane ba, marubucin labari ya yi nawa. Rubuta kuma duk inda hannunka ya so ya tura gaba, nan ne fim ya saki.

Babban kuskure shi ne auna kowane fim da mudu ɗaya. Na barkwanci dariya ya yi alkawari, saboda haka ƙirga inda ka dara da gaske, ka duba ko dariyar daga labarin ta fito ko kuwa ihu ne da zage-zage. A nan mu Sakkwatawa muna da ta cewa: sau da yawa a bakin ɗan ƙauye ake sa Sakkwatanci don a yi dariya, ɗan wasa ya jefa "wanga" da "mi" sau biyu ya koma Kananci. In ka ji haka, faɗa, lalaci ne. A fim ɗin faɗa, tambayar ita ce ko kana ganin wa ya doki wa, kuma daga ina. In ana yanka hoto kowace daƙiƙa kyamara na rawa, galibi ana ɓoye cewa 'yan wasan ba su iya ba ne. Na ban tsoro, rage sauti ka maimaita fitowa ɗaya. In tsoron ya tafi gaba ɗaya, ƙara ce kawai aka sayar maka.

Fim ɗin soyayya na Hausa yana buƙatar adalci. Tun 2001 akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kuma ƙa'ida ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna ba. Darakta da kallo, da shiru, da tazarar zama a zaure zai nuna shaƙuwa, can za ka auna gwanintarsa. Waƙa kuwa, tsallake ta ka gani. In labari bai rasa komai ba, ciko ce, ko da ta yi daɗi.

Fassarar Indiya aiki biyu ne a haɗe, ka raba su. Mai fassara yakan ƙara barkwancin da babu shi a asali, a kuma danne kiɗan da ke ƙasa don muryarsa ta fito. Ka ce fassarar ta yi ko ba ta yi ba daban, fim ɗin daban. Tashin hankalin da ke zuwa a tsakiyar fim ɗin Indiya da gangan ne, saboda hutun rabin lokaci da ake yi a silimominsu. Mai dogon zango kuwa, kada ka yanke masa hukunci sai ka ga kashi uku, ka kuma lissafa mintunan da tunatarwa da talla suka cinye.

Ɗora laifi inda ya dace. Murya tana amsa-kuwwa a falo mai tayil, ko ƙugin janareta na bin magana: mai ɗaukar sauti. Hula ta canza tsakanin tambaya da amsa, ko kofin shayin da aka kurɓe ya sake cika: mai kula da kwantiniti (daidaiton kaya daga hoto zuwa hoto) da edita. Jaruma ta farka daga barci da cikakkiyar kwalliya: darakta ne ya ƙyale.

Wajen rubutawa, kalma 200 ta isa. Jimlar farko ta ɗauki suna, irin fim, tsawonsa da inda ake samunsa. Labari a jimla biyu, kada ka tona ƙarshe. Sai abu biyu da suka yi kyau da ɗaya da ya gaza, kowanne da mintinsa. Auren jaruma da rigimar jarumi a TikTok ba su cikin fim, bar su a waje. Kada ka manta ka faɗi ko za a iya kunna shi a tsakar gida gaban Inna da yara, domin tambayar da mafi yawan masu karanta ka za su fara yi ke nan.