Darasi na Bakwai: Sayen Ƙaramar Mota a Wurin Gwanjo

A kasuwa mai saye ne yake neman ragi. A wurin gwanjo kuwa masu saye ne suke ƙara wa juna kuɗi, wanda tayinsa ya fi na kowa shi ake sallama wa. Da an buga ƙararrawa ciniki ya faɗa. Yadda ka ga motar haka za ka ɗauke ta, da lafiyarta da cutarta, babu mayarwa. Saboda haka duk aikin mai saye yana ƙarewa ne tun kafin a fara tayi.

A Najeriya Hukumar Kwastam tana gwanjon motocin da ta kama da waɗanda suka daɗe a tashar jiragen ruwa ba a fanshe su ba. Tun 2017 ta fara yin haka ta intanet, kuma sai mai lambar biyan haraji, wato TIN, yake iya yin rajista. Hukumar EFCC ma takan sayar da motocin da kotu ta ƙwace. Haka ma'aikatu da bankuna da kamfanoni sukan fitar da tsofaffin motocinsu. Amma a kula: wanda ya turo maka hoton mota a Facebook, ya ce shi jami'in kwastam ne, ka tura kuɗi a asusunsa ya ajiye maka, ɗan damfara ne. Kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun mutum ɗaya.

Wace mota za ka nema? Wadda bakaniken unguwarku ya san cikinta. Wannan ne ya sa Toyota Corolla take da farin jini, musamman ƙirar 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8. Ba ta shan mai sosai, kuma kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja. Honda Civic ma ba laifi. Motar da sai an yi odar kayanta daga waje, ko kyauta aka ba ka, jinya ka ɗauko. Mai sitiyari a hannun dama kuwa kada ma ka kalle ta, domin tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama na titi, motocinmu masu sitiyarin hagu ne.

Akan ware rana ta duba motoci kafin ranar gwanjo. Ka je da bakanikenka, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya haɗa ka da shi ba. Ka riƙe tocila da ɗan maganaɗisu da farin ƙyalle.

Fara da lambar shasi. Haruffa ne da lambobi guda 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofar direba. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takarda. Nan ne karatun da muke koyo yake biyan mutum. Harafi ɗaya ya saɓa, ka bar motar.

Sai inji. Zaro sandar auna baƙin mai ka goga a ƙyalle, sannan ka buɗe murfin da ake zuba man ka leƙa bayansa. In ka ga abu fari-fari mai kauri kamar shayi da madara, mai yiwuwa ruwa ya haɗu da mai, alamar gaskit ya ƙone ke nan. In an yarda a tayar, ka tsaya ta baya ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna injin yana cin mai. Da ka murɗa makulli, fitilar inji da ta jakar iska su kama, in mota ta tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwan ne don a ɓoye cuta.

Maganaɗisun kuma na bodi ne. Bi da shi a jikin ƙofofi da gefen taya. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin da foti an bi da fenti, wato ta taɓa yin karo.

Cutar da ta fi ɓuya ita ce ta ruwa. Motoci da yawa da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017, akan wanke su a sayar, wasu su ƙetaro teku. Daga waje fes suke. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Buɗe but ka cire safayar taya, ka haska ramin ko akwai busasshen laka. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Dubi ƙarfen da kujera take gudu a kai, tsatsa a nan ba ta da dalili sai ruwa. Irin wannan mota wayoyinta ne suke ruɓewa a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, kullum kana wurin mai wayarin.

Kada ka dogara da lambar tafiyar da agogo ya nuna, ana mayar da ita baya. In motar Amurka ce da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne da ɗan ɗoriya. Taya ma tana da ranar haihuwa a gefenta: lambobi huɗu kamar 2319 suna nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Yanzu lissafi. A ce duk abin da ka tara naira 5,000,000 ne. Bakanike ya ce gyaran ƙafa da birki da sabis zai ci 450,000. Tayoyi da batir 300,000, domin motar da ta daɗe a ajiye da wuya su tsira. Janwe 100,000. Kuɗin masu gwanjo da rajista da inshora 350,000. Ka ware 300,000 saboda abin da ido bai gani ba. Jimla 1,500,000. Abin da ya rage, 3,500,000, shi ne iyakar tayinka. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, kai sai ka tambayi farashin garinku.

Rubuta wannan lamba a takarda tun daga gida ka sa a aljihu. A fili zuciya takan ɗebi mutum, ya ga wani ya ɗara shi da dubu hamsin, ya ce ai ba za a kunyata shi a gaban jama'a ba. Wani lokaci ma wanda yake ɗaga farashin ba saye ya zo yi ba, zuga ya zo yi. Tayi ya wuce abin da ke takardarka, ka sauke hannu.

In kai aka sallama wa, ka san kwana nawa aka ba ka na biya da na ɗauke motar, domin wanda ya makara yakan rasa ta ko a caje shi kuɗin ajiya. Karɓi rasit da takardar sallama masu ɗauke da sunanka da lambar shasi daidai, da takardun kwastam. Da su za ka yi rajista, su kuma za ka nuna a hanya.

Aikin gida: nemi motar wani ɗan'uwa ko maƙwabci, ka kwafo lambar shasinta da lambobi huɗun da ke jikin kowace taya. Sannan ka yi wannan lissafi: mai naira 4,200,000 wanda gyara da takardu za su ci masa 1,150,000, nawa ne iyakar tayinsa?