Me ya sa Musulunci ba ya bazuwa a Civilization? Kurakuran da 'yan wasa suka fi yi

Duk wanda ya daɗe yana buga Civilization IV, wasan kwamfuta na gina ƙasa da mulkarta da ake bugawa zagaye bayan zagaye, ya san wannan takaicin. Ka ɗauki Salahuddini na Larabawa ko Mansa Musa na Mali, ka ƙudurta yau sai Musulunci ya cika taswira, ka yi ta fama da bincike har ka kafa shi, kana ɗaga kai sai ka tarar duniyar wasan duk ta zama ta Buda da Hindu. Garuruwanka ma tuni wani addinin ya shige su. A ɗakunan ɗalibai na Unguwar Rogo da Bauchi Road a nan Jos, inda ake bugawa karɓa-karɓa a kan kwamfutar gwanjo guda, hukuncin da aka fi yankewa shi ne, "Ai da gangan Turawan nan suka yi." Wannan ne kuskuren farko, kuma shi ke hana mutum ya zauna ya gyara sauran.

Bari mu leƙa cikin injin. Kamfanin Firaxis ya fitar da wasan a 2005 da addinai bakwai, kuma dukkansu aikinsu iri ɗaya ne, babu wanda aka ba wani ƙarfi na daban. Bambancinsu kawai lokacin zuwa. An ɗaure kowane addini da wata fasaha daga jerin da ake bincike a wasan, wanda ya riga kowa gano fasahar shi ya kafa addinin. Na Buda da na Hindu suna can ƙasan jerin, ana kai musu tun gari ɗaya ko biyu gare ka. Yahudanci na biye da su. Na Konfushiyas da Kiristanci da na Tawo suna tsakiya. Musulunci kuwa yana rataye da fasahar Divine Right, mai tsada, wadda ba a kai mata sai an wuce ilimin tauhidi da tsarin sarauta. Sai kuma dokar da ta fi komai cutarwa: addini yana bin hanyoyin ciniki ya bazu da kansa ne kawai zuwa garin da ba shi da wani addini ko ɗaya, kuma wanda ya shiga gari ba ya fita. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Addinin Tawo ma haka yake shan wahala a yawancin wasanni, babu mai yi masa kuka ne kawai.

Aibin gaskiya ne, amma na tsari ne. Masu wasan sun kwafi jerin zuwan addinai daga tarihi, ba su kwafi yadda addini ke shiga zukatan mutanen da suke da wani addinin ba. An yi Hijira a 622, an yi yaƙin Yarmuk a 636, Masar ta shiga hannu zuwa 642, an tsallaka Andalus a 711, kuma duk wuraren nan cike suke da masu wasu addinan, irin su Kiristoci da Yahudawa. Bayan cin ƙasa ma, sai da aka ɗauki ƙarnuka kafin yawancin mutanen Masar da Farisa su musulunta. A wajenmu kuwa fatake da malamai ne suka yi aikin. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci wajen ƙarshen ƙarni na 11, Wangarawa suka iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili ya zo zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tarar da gari fanko. Injin wasan bai san wannan ba, don haka kai ne za ka yi da hannunka abin da ba zai yi maka ba.

Gyara mafi sauƙi, wanda da yawa ba su taɓa lura da shi ba: idan kana da Beyond the Sword, ƙarin da aka yi wa wasan a 2007, shiga wurin tsara wasa ka kunna zaɓin Choose Religions. Da shi, duk fasahar addinin da ka riga kowa ganowa za a tambaye ka wane addini kake so. Larabawa suna farawa da fasahar da ke buɗe ƙofar addinan farko, saboda haka Salahuddini yana iya kafa Musulunci tun farkon wasa. Mali ba ta da wannan fifikon, da haƙar ma'adinai take farawa, sai ka yi lissafi da kyau kafin ka shiga tseren.

To, ga wanda ya ce shi dai a lokacinsa zai kafa shi.

Babban kuskuren nan shi ne jira. Mutum ya saba ganin addinin Buda yana yawo shi kaɗai, sai ya zaci nasa ma haka zai yi. Ba zai yi ba. Addinin da ya makara ba shi da ƙafa sai ta masu wa'azi, su kuma ba a samunsu sai an gina zawiyar addinin a gari, ko an ɗauki tsarin addini mai hukuma, wanda ke ba ka damar fitar da su babu zawiya. Uku kaɗai ake yarda ka riƙe a lokaci guda daga addini ɗaya, don haka kada layin ya yanke. Da ɗaya ya gama aikinsa ya ɓace, wani ya kama hanya. Ware gari guda mai ƙarfin aiki ya zama aikinsa ke nan na wani lokaci.

Sai abin da ake yi da mai wa'azin kyauta, wanda wasan ke bai wa duk wanda ya kafa addini daga cikin na baya. Zumuɗi kan sa a tura shi ƙasar maƙwabci nan take. Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Ka kai shi garinka mafi ƙarfin aiki, ka gina zawiya a can, daga nan sauran su fito. Kafin ka tura kowa ko'ina, duba ƙananan tamburan da ke jikin sunan garin. Kowane tambari addini ne da ya riga ya zauna, kuma yawansu na rage yiwuwar nasara. A ƙasar wani kuwa, abin ya fi wuya. Mai wa'azin da ya gaza ya tafi ke nan, har da aikin da ka zuba wajen samar da shi. Gari mai tambari uku ko huɗu, bar shi sai daga baya. Nemi mai ɗaya, ko wanda ba shi da ko ɗaya.

Ina ake samun irin wannan a tsakiyar wasa? Sabbin garuruwan da kai da kwamfuta kuke kafawa a gefe-gefe, tsibirai, da kuma wata nahiyar. Wannan na ƙarshe ne ake yawan mantawa. Ƙaramin jirgin ruwan bincike da ake samu bayan gano ilimin gilashin hangen nesa yana ɗaukar mai wa'azi, kuma yana shiga babban teku tun kafin manyan jirage su samu dama. Wani lokaci sai ka iske nahiya guda mai addini ɗaya tak, ko ƙasar da ba ta da shi sam. A can ne wanda ya makara yake zama na farko.

Abu biyu za ka duba kafin mai wa'azi ya bar gida, ba sa ɗaukar minti ɗaya. Akwai yarjejeniyar buɗe iyaka tsakaninku? In babu, a bakin iyaka zai tsaya. Sannan wane tsarin mulki ƙasar take bi? In mulkin addini zalla ne, babu wani addinin da zai shiga sai nasu. Isabella ta Sifen ta yi suna a wannan, kada ka ɓata lokacinka a kanta.

Kuskuren da ya fi kashe wasa gaba ɗaya kuwa shi ne sauya addinin hukuma ranar da aka kafa sabon. Na fahimci abin da ke sa mutum yin haka, zuciya ce. Amma duba lissafin: maƙwabtanka uku duk addininsu ɗaya da wanda kake kai, suna yi maka fara'a saboda haka. Kana sauyawa ka rasa wannan ƙaunar, ka kuma ɗauki ƙiyayya a kai, alhali sabon addinin yana gari ɗaya ko biyu kacal, ba zai ba ka farin cikin talakawa ko saurin gini a sauran ba. Zagaye kaɗan sai ka ga dawaki a bakin ganuwa. Ka bar na hukuma yadda yake, ka ci gaba da yaɗa naka a hankali, sai ya shiga yawancin garuruwanka da na aƙalla maƙwabci ɗaya mai ƙarfi sannan ka sauya ka roƙe shi ya biyo ka. Salahuddini da Mansa Musa duka ba sa shan zagayen hargitsin da ke tsayar da ayyukan ƙasa idan an sauya addini, wannan ya sauƙaƙa lamarin. Kafin nan ma ba asara kake yi ba: idan ka samu babban jagoran addini, wanda masu wasan suka ba shi sunan da bai dace da bakin Musulmi ba, ka kai shi birnin da aka kafa addinin ya gina babban masallacinsa. Daga nan kowane gari a duniya da addinin ya shiga yana kawo maka zinariya ɗaya duk zagaye, ko addinin hukuma ne ko ba shi ba.

Ka kuma san lokacinka gajere ne. Da ka gano tsarin binciken kimiyya ba za ka ƙara gina sabuwar zawiya ba, kuma da ƙasashe suka fara komawa tsarin 'yancin addini maganar sauya su ta mutu. Gina zawiyoyin kafin nan.

A Civilization V da VI maganar ta sauya kama. Tun daga ƙarin Gods & Kings na 2012 sunan addini tambari ne kawai, kana iya kafa Musulunci kafin kowa ya kafa komai. Makarar yanzu taka ce. A matsakaiciyar taswira mai ƙasashe takwas addinai biyar kaɗai ake kafawa, kuma kowane tanadi mai amfani, wato alfanun da ake zaɓa wa addini lokacin kafa shi, wanda ya riga ya ɗauka ya ɗauka. Kamar wanda ya iso kasuwar Taminus da azahar ne, an kama wuraren kirki. Kowane gari kuma yana watsa tasirin addininsa zuwa gidaje goma na taswira, shi ya sa wanda ya tara garuruwa da wuri yake ta ninkawa.

Kuskuren da na fi gani a waɗannan biyun abin dariya ne in ba a kanka ya faɗa ba. Mutum ya tara makin imani, wato kuɗin harkar addini a wasan, ya sayi mai wa'azi, ya yi ta tafiya da shi, yana danna yaɗawa sai ya ga addinin abokin hamayya ya yaɗa. Dalili: mai wa'azi yana ɗaukar addinin da ya fi rinjaye a garin da aka saye shi. Duba tambarin garin kafin ka danna saye.

Masu ɗaukar Larabawa a VI, wanda ya fito a 2016, suna da nasu tarkon. An ba ƙasar tabbacin samun jagoran addini na ƙarshe ko ba ta yi tsere ba, sai mutum ya miƙe ƙafa har ya manta da gina unguwar ibada. Jagoran ya zo, babu inda zai kafa addinin. Gina ta tun da wuri, ka riƙa tara maki, domin ranar da ka kafa ka samu abin sayen masu wa'azi biyu ko uku nan take ka cika gida. Tanadin masallaci, in ba a ɗauke shi ba, yana ƙara wa kowane mai wa'azi damar yaɗawa sau ɗaya, kuma Salahuddini yana sayen ginin ibadarsa a kan kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa. Kada kuma ka tura ƙananan masu wa'azi cikin ƙasar da addininta ya yi jijiya. Wannan aikin manyan malaman muƙabala ne, waɗanda sai da babban ɗakin ibada ake sayensu. Su ke rage tasirin wancan addinin sosai, kuma in suka kayar da abokin muƙabala garuruwan da ke kusa duk suna jin girgizar. Yi muƙabalar kusa da unguwar ibadarka, a can suke warkewa. A V kuma, bayan ƙarin Brave New World na 2013, ayarin Larabawa na Haruna Rashid yana kai tasirin addini ninki biyu, abin da ya fi komai kama da yadda aka yi a ƙasar Hausa. Tura ayari daga birninka mai tsarki zuwa garin da kake so, ka bar shi ya yi aikinsa.

Wasannin kamfanin Paradox ba su da wannan matsalar ta tsere, domin a tsakiyar tarihi suke farawa. Crusader Kings III na 2020 yana ba ka damar farawa a 867 da Daurama ta Daura, jama'arta suna kan Bori. A nan kuskuren gaggawa ne: sarki ya sauya addini, hakimai da talakawa ba su biyo ba, tawaye ya tashi. Nemi limamin fada mai ilimi sosai, ka fara da gundumar fadarka, ka lallashi hakimai ɗaya bayan ɗaya. A Europa Universalis IV, mai farawa a 1444, ƙarin Cradle of Civilization ya bai wa ƙasashen Musulmi damar yaɗa addini ta kasuwa idan sun riƙe rabin ƙarfin cinikin yankin, da yawa kuma suna bugawa shekara da shekaru ba su taɓa danna wannan maɓallin ba.

Abu na ƙarshe ya shafe mu 'yan Jos musamman. A ɗaki ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista suna karɓa-karɓar linzamin kwamfuta, kuma mun san nauyin kalmar "na shafe addininka daga garinka" ko da a wasa aka faɗe ta. V da VI duka suna barin ka raɗa wa addininka sunan da ka ga dama, VI ma har da tamburan da ba na kowa ba. In za a buga tare, kowa ya ɗauki irin wannan ya sa masa sunan unguwarsu, a kara tsakanin Gangare da Tudun Wada.