Darasi na 9: Tokarin babban akwatin gilashi na kifin teku

A Yamai akan kawo wa mai yankan gilashi aikin akwatin kifi na ado. Idan babba ne, mai zurfi, kuma ruwan gishiri za a zuba masa, to kafin a yanka ko falle ɗaya sai an daidaita da wanda ya kawo aikin a kan tokarin bakinsa, wato abin da zai riƙe bakin kada ya buɗe.

Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Akwati mai tsawon santimita 150, faɗi 60, zurfi 60 yana cin lita 540. Lita ɗaya ta ruwan famfo kilo ɗaya ce. Ruwan teku ya ɗan fi nauyi, domin kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Amma abin da ke wahalar da gilashi shi ne zurfi. A wannan akwatin, ruwa yana tura gilashin gaba da ƙarfin wajen kilo 275. Idan aka kai zurfin santimita 80, turin ya kusa kilo 490. Idan aka ninka zurfi sau biyu, turi ya ninka sau huɗu. Daga nan ne gilashi ke yin ciki kamar katangar laka da damina, har ya yage daga roban da ya manne shi.

Wasu sukan gitta faffaɗan gilashi ɗaya a tsakiyar baki, ya kama gaba da baya. Yana riƙewa, amma yana tare hasken fitila, gishiri yana bushewa a kansa, kuma babban dutse ba ya shiga da sauƙi. Ni na fi son a bi bakin akwatin ta ciki da dogayen gilasai masu faɗin santimita 8 zuwa 10, a kewaye shi gefe huɗu. Tsakiya ta zauna a buɗe, ruwa ba ya fantsama waje sosai. Idan akwatin dogo ne kuma mai zurfi, a yi duka biyun. Kada a yi rowar kauri: milimita 12 ga zurfin 60, amma zurfin 80 yana son 15 ko fiye.

Mai walda a kasuwar Katako zai iya ce muku a ɗaure bakin da ƙarfe. Ga ruwan gishiri, ku ƙi. Ƙarfe tsatsa yake yi, tsatsar kuma cikin ruwa za ta zuba. Jan ƙarfe ya fi muni, domin guba ne ga murjani da jatan lande. Teburin da akwatin zai zauna a kai kam a iya yinsa da ƙarfe, a shafe shi da fenti sosai, a daidaita shi kada ya karkace, a shimfiɗa soso tsakaninsa da gindin akwati.

Roban mannewa shi ne silikon na akwatin kifi. Wanda ake sawa a banɗaki yana da maganin funfuna, yana kashe kifi. A bar shi mako guda ya bushe, ko da zafin watan Afrilu ya sa samansa ya yi tauri tun da wuri.

Gwaji a tsakar gida ake yinsa, da ruwan famfo. Ku auna faɗin baki a tsakiya kafin a zuba ruwa, ku sake aunawa bayan ya cika. In kun ga ya buɗe fiye da milimita 2, ku kwashe ruwan ku ƙara tokari.

Aikin gida: akwati mai tsawon santimita 200, faɗi 60, zurfi 70, lita nawa zai ci? Wane tokari za ku yi masa, kuma don me?