Yadda na gano ƙarar da ta addabe ni a motar gida

Wata guda wata ƙara, kar-kar-kar, ta hana ni sakat a motar nan mai ɗakin kwana da kicin. Da na kai gudun kilomita 60 sai ta taso daga baya.

Na fara zargin kicin. Na sa tsumma tsakanin farantai, na cire ƙarafan murhun gas, na manna soso a ƙofofin kabad. Ƙananan ƙararraki sun mutu, babbar tana nan daram.

Abin da ya tona asirinta shi ne gwaji a tsaye. Na ja birkin hannu, na sa giya a furi, na taka totur a hankali. Allurar da ke nuna saurin juyawar inji na kaiwa 2,000 sai ga ƙarar. Ashe ba gargadar hanya ba ce, girgizar inji ce.

Na bar salansa ta huce sarai, kada a yi gaggawa a nan, tana ƙuna. Na shiga ƙarƙashi da tocila ina bubbuga komai da hannu. Faifan alminiyom ɗin da ke kare ƙasan mota daga zafin salansa ya amsa. Ramin noti ɗaya ya cinye ya yi faɗi, faifan yana lilo yana dukan bututu.

Na kwance notin da sufana lamba 10, na goge tsatsa, na sa faffaɗar washa ta rufe ramin, na ɗaure. Sannan na ɗan lanƙwasa gefen faifan har yatsa yana shiga tsakaninsa da bututun.

Na sake gwaji a tsaye da kan hanya, shiru kake ji. Alhamdulillahi.