Karatun injiniya a Holan ko Beljiyam: yadda ɗalibi daga Legas zai cika sharaɗin harshe

Kafin ka kashe ko kwabo wajen malamin Holanci, buɗe shafin kwas ɗin da kake so ka duba da wane harshe ake koyar da shi. A Holan, kusan duk digiri na biyu na injiniya da Turanci ake yi. A digirin farko ne abin ya rabu. Jami'o'in Eindhoven da Twente sun fi koyarwa da Turanci, amma a jami'ar fasaha ta TU Delft yawancin kwasa-kwasan digirin farko da Holanci ne, sai 'yan kaɗan irin su injiniyan jiragen sama. A jami'ar KU Leuven ta Beljiyam ma akwai digirin injiniya da Turanci a harabar Group T, ban da waɗanda ake yi da Holanci. Duba bayanin shekarar da za ka shiga, don gwamnatin Holan ta jima tana neman a rage kwasa-kwasan Turanci.

In kwas ɗin na Turanci ne, ba a neman shaidar Holanci, ko wajen biza. Jarrabawar Holanci ta matakin farko (A1) da ake rubutawa a ofishin jakadanci ta masu zuwa zama da iyali ce, ba ta shafi ɗalibi ba. Abin da za a nema shi ne jarrabawar Turanci ta IELTS, galibi maki 6.5, ko ta TOEFL wajen 90. Ana rubuta IELTS a nan Legas ta hannun British Council. Kada ka ɗauka kiredit ɗin Turanci na WAEC ya wadatar sai jami'ar ta faɗa maka haka a rubuce.

In kuwa na Holanci ne, matakin da aka saba nema shi ne B2 (matakan iya harshe suna hawa ne daga A1 zuwa A2, B1, B2, C1 da C2), kuma manyan hanyoyin tabbatar da shi uku ne. Akwai Staatsexamen NT2, wadda ke da kashi huɗu: karatu, sauraro, rubutu da magana. A nan ake yawan yin asara, domin shiri biyu gare ta. Programma I matakin B1 ne, jami'a ba ta karɓarsa. Programma II za ka zaɓa. A cikin Holan kaɗai ake rubuta ta. Sai ITNA, ta jami'o'in yankin Flanders na Beljiyam, ita ma can ake yi. Ta uku, CNaVT, ita aka tsara domin waɗanda ke ƙasashen waje, kuma ɓangaren da ya dace da mai neman shiga jami'a shi ne Educatief Startbekwaam. An saba yin ta cikin watan Mayu, kuma a cibiyoyin da aka amince da su kawai. Tun farkon shekara ka nemi cibiya mafi kusa a shafinsu, sannan ka tambayi jami'arka ko tana karɓar wannan takardar da kuma ranar ƙarshe ta miƙa ta.

Lissafin lokaci ne ke kayar da mutane. Ana neman gurbi a Holan ta shafin Studielink, kuma kwasa-kwasan da aka ƙayyade yawan ɗalibansu suna rufewa ranar 15 ga Janairu. Wanda ya fara daga sifili, yana zaune a Agege ko Idi-Araba inda ba mai amsa masa gaisuwa da Holanci, ya ware wa kansa shekara guda zuwa ɗaya da rabi, da awa biyu zuwa uku kullum. A ganinmu hanya mafi aminci ita ce ka kai A2 ko B1 a gida, sannan ka ƙarasa can. Jami'ar Ghent da ta Antwerp suna da shekarar share fage ta Holanci zalla, Holan kuma tana ba da izinin zama na share fage har wata 12 ga wanda jami'a ta ɗauka bisa sharaɗi. Sai dai kuɗin makaranta da na masauki na wannan shekarar ƙari ne a kan na digiri, iyaye su sa shi cikin kasafi.

Wajen koyo, sauraro da magana su ne raunin mai karatu shi kaɗai. Sauke labaran yara na NOS Jeugdjournaal in ka samu intanet mai ƙarfi, ka riƙa ji a cikin BRT ko danfo lokacin cunkoso. Nemi malami ta intanet aƙalla sau biyu a mako domin magana, ka kuma saba da amsawa cikin makirufo da agogo a gabanka, don da kwamfuta ake yin Staatsexamen. Kowane sunan abu ka haddace shi tare da de ko het ɗinsa, wato kalmomin da ke daidai da "the" na Turanci. Ɗalibin injiniya ya kula da lambobi sosai: suna rubuta uku da rabi 3,5, dubu kuma 1.000, sannan "half drie" ƙarfe biyu da rabi ne.

Harshe ba ya rufe giɓin takardu. Jami'o'in bincike na Holan suna neman daidai da takardarsu ta VWO, wato ta sakandaren da ke shirya ɗalibi shiga jami'a, da lissafi mai zurfi da fizis, kuma WAEC ita kaɗai ba ta cika kaiwa nan ba. Shi ya sa wasu ke bi ta makarantun HBO, wato manyan makarantun koyon sana'a a aikace, wasu su fara karatu a jami'ar gida, wasu kuma su rubuta jarrabawar cike gurbi a Boswell-Bèta da ke Utrecht.

Bayan an shiga, kiredit 60 ne a shekara. Yawancin jami'o'i suna neman 45 a shekarar farko kafin su bar ka ka ci gaba, hukumar shige da fice ta IND kuma tana neman aƙalla rabi kowace shekara, in ba haka ba izinin zama na iya tafiya. Wanda ya ci B2 da ƙyar zai sha wuya a zangon farko, saboda haka tun kana Legas ka samo littafin lissafi da na fizis na ajin ƙarshe na VWO, ka riƙa warware tambayoyinsu da Holanci.